Idan za ka kira makaɗi gidanka

Da muka tattauna da wasu dattawan Maradun, ƙasar da Musa Ɗanƙwairo ya yi zamansa da kotsonsa, kan kiran makaɗi tsakar gida, bakinsu ya zo ɗaya: a bar lasifika. Kotso, wato gangar makaɗan fada, da muryar 'yan amshi sun isa su cika gida, kuma lasifika tana cinye zaƙin karɓi. A shimfiɗa wa 'yan amshi tabarma daf da ubangidansu, domin da ido da ɗaga kai yake nuna musu inda za su karɓa.

Maganar kuɗi ta fi ɗaukar lokaci. Suka ce a yanke lada tun kafin rana, kada a bar mutum da jiran liƙi, yana da yara a bayansa da zai sallama. Mai yin kyauta ya jira a dire ɗan waƙa, wato a kai ƙarshen baiti, kafin ya miƙe. Wannan na goyi bayansa ƙwarai, katse makaɗi tsakiyar tunani zalunci ne.

A sanar da mai unguwa da maƙwabta, a tashi da wuri saboda halin tsaro. Mai son ɗauka a waya ya nemi izinin mai waƙar.