Me za mu kira "liant" da Hausa? Ni dai na tsaya kan makubar zamani

Jama'ar Maraɗi, injiniyoyinmu na yawan cewa "liant" ko "stabilisant" idan suna zancen abin da ake cuɗawa da rairayi don ya kama jikinsa, a yi hanya ko harsashin gini a kansa. Magini ya ji, ya gyaɗa kai, amma bai ɗauki komai ba. Ya kamata mu samo masa suna.

Wanda aka saba da shi siminti ne, irin na Malbaza, kuma shi yana da sunansa. Sai dai toya siminti na fitar da kusan kashi 8 cikin 100 na iskar kabon da duniya ke fitarwa. Shi ya sa masu bincike suka juya ga ƙaro, da sitacin rogo, da ragowar ruwan itace daga masana'antar takarda. Har da wasu ƙwayoyin bakteriya da ake ba su yuriya da sinadarin kalsiyam, su haifar da alli tsakanin ƙwayoyin rairayi ya liƙe su. Waɗannan ne ba su da suna.

An kawo "danƙo". Ban yarda ba, don mai jin danƙo roba ko cingam zai tuna, abin da ke miƙewa, alhali muna son ƙasa ta sandare. Wani malami ya ce "maɗaurin ƙasa". Ma'anarsa daidai, amma siminti ma maɗauri ne, bai ware mana marasa cutar da muhalli ba.

Dattawa, ku kuka san makuba fiye da mu. A jiƙa ɓawon ɗorawa, a yayyafa ruwan a kan daɓe ana bugu, ƙasa ta yi tauri ta daina tashi. Ga laso kuma, na katsi da dafara da gashin jima, da ake shafe soro da shi ruwa ya kasa ratsawa. Aikin ɗaya ne da wanda ake gwadawa yau a ɗakunan bincike.

Na san za a ce makuba ta ɗorawa ce kaɗai. Gaskiya ne, shi ya sa na ƙara "zamani", kamar yadda muka yi wa taki. Sai a ce makubar zamani ta ƙaro, ta rogo, ta bakteriya.

Malaman Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo da magina na unguwannin Zariya da Sabon Gari a Maraɗi, ku gwada ta a wurin aiki, ku faɗa mana ko leburori sun gane ba tare da ƙarin bayani ba.