Tsoron da Ba a Barin Mu Faɗa

Baba Majinyaci

Salamu alaikum 'yan'uwa. Likitoci sun ce ciwon dajin da ke jikina ya wuce warkarwa, sai dai a rage mini raɗaɗi. Mai amsawa ya riƙe mini amsa-amon "wa".

In dare ya raba, barci ya ƙaurace,
Sai in kwanta ina lissafin mutuwa.

Ba kushewa ce ta fi firgita ni ba,
Hanyar ce: da zafi ne, ko da shaƙewa?

Ciwon ya riga ya sauka cikin ƙashi,
In ya fi haka, ina zan samo jurewa?

In na buɗe baki sai yara su tare,
"Haba Baba, ai kana ta warwarewa."

Sun san gaskiyar, ni ma na san ta,
Kowa na ɓoye wa ɗan'uwansa damuwa.

Ɗan'uwa Mai Nasiha

Baba, Allah ya ba da lafiya.

Bar wannan zance, riƙe tawakkali,
Ajali ba ya jinkiri, ba ya gaggautawa.

Ma'aikaciyar Jinya

Yaya, a yi mini afuwa, irin wannan amsar ce ke rufe musu baki. Mai tawakkali ma yana jin tsoro. Baba ya yi tambaya, bari in faɗa masa abin da muke gani.

Mafi yawan mutane, in kwana ya ƙarato,
Barci ke yawa, ana rage farkawa.

Ci da sha sukan ja baya da kansu,
Sai mu jiƙa leɓe, mu hana shi bushewa.

Numfashi ya ja, ya tsaya, ya dawo,
Jiki ne ke rage aikinsa, yana lafawa.

Gargarar da dangi ke ji su firgita,
Yawu ne da maƙoshi ya gaza haɗiyewa.

Mai ita galibi ya yi nisa a barci,
Masu zaman jinya sun fi shi wahaltuwa.

Mofin, maganin raɗaɗi, in an ba da shi bisa ƙa'ida,
Bayan awa huɗu, ana auna ƙarawa,

Yana kashe zafi, ya sassauta ƙirji,
Ba ya jawo ajali, bar wannan damuwa.

Sai dai, Baba, yakan ɗaure ciki,
Shi ya sa muke haɗa shi da na sassautawa.

Likitan Rage Raɗaɗi

Na goyi bayan ƙanwata. Cicely Saunders, wadda ta buɗe gidan jinya na St Christopher's a Landan a 1967, ta nuna cewa ciwon mai jinyar ajali ya haɗa jiki, zuciya, iyali da ruhi. Abin da ke ci mini rai, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum miliyan 56.8 ke buƙatar kulawar rage raɗaɗi duk shekara, kusan kashi 14 cikin 100 ne kawai ke samu.

Na sha ƙara allura ciwo bai faɗa ba,
Ashe bashi ne ke hana shi kwantawa.

Wani kuwa ɗansa ne ba sa ga maciji,
Yana tsoron ya tafi babu shiryawa.

Wata ta ce, "Na zame musu kaya,"
Kunyar wanka da bayan gida ke cinyewa.

Wannan babu ƙwayar da ke maganinsa,
Kujera nake ja, in zauna saurarawa.

Baba, kira babban cikinsu shi kaɗai,
Ka ce, "Na sani," ka bar shi ya yi kokawa.

In kun gaza, mu zauna tare da ku,
Aikinmu ne, kuma ba ma ƙosawa.

Ɗan'uwa Mai Nasiha

Ni dai addu'a ce abin da na iya,
Zan riƙa yi wa Baba, ba fasawa.

Baba Majinyaci

Na gode, ɗana, kar ka daina. 'Yata, Allah ya yi miki albarka, jiya na sami barci.

Na kira babban, ya yi kuka ya gaji,
Mun rubuta bashi, mun tsara biyawa.

Tsoron yana nan, ban ce ya tafi ba,
Amma yanzu na san me nake tunkarawa.

Saura tambaya ɗaya, likita ka amsa,
Raina ya fi son a gida in yi cikawa.

In zafi ya taso da tsakar dare,
Wa za su kira, kuma me za su iya bayarwa?