Khardal da kanola a fadamar Kebbi: ana iya ajiye irinsu kuwa?

Manomin Jega

Assalamu alaikum. Ina noman albasa da shinkafa a fadama kusa da Jega. Bara na shiga wani shagon maganin Musulunci a Birnin Kebbi zan sayo wa tsohuwarmu man khardal saboda ciwon gwiwa, sai na hangi ƙwayar a ƙulle cikin leda, 'yan mulmulallu, ba su kai riɗi girma ba. Na saya, na yafa a kunya biyu gefen albasa wajen ƙarshen Disamba. Ta fito gwanin kyau, ta yi fure ruwan ɗorawa, ƙudan zuma ba su ɗaga daga wurin ba. Zafin Maris na shigowa furen ya kama zuba, darɓa ta lulluɓe sauran. Abin da na casa bai cika gwangwanin madara ba.

Ƙanena ya ce in rabu da khardal in nemi kanola, wadda ake tatsar man girki da ita, amma wai irinta ba ya ajiyuwa, duk shekara sai an sake saye. Nan zuciyata ta tsaya. Mun tashi mun ga mahaifinmu yana ware zangarniyar gero mafi kyau ya rataye ta daban, ko yunwa ake ba mai taɓa ta. Haka ne abin da yaron ya faɗa? Kuma da can ma haka take?

Malamin Gona, Gusau

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ƙanenka bai yi ƙarya ba, sai dai ba haka abin ya faro ba.

Khardal, kanola da kabeji duk dangi ɗaya ne. Uwar kanola, wadda Turawa ke kira rafsid, an daɗe ana noma ta a Turai da Asiya, manomi na ajiye irinsa kamar yadda mahaifinku ke yi. Amma man nata na da wani sinadari, erusik, da aka ga bai dace a yawaita ci ba, tunkuzarta kuma dabbobi ba sa so. Wasu masana biyu a Kanada, Baldur Stefansson da Keith Downey, su suka yi ta tace irin har aka fitar da wani mai suna Tower a 1974, aka raɗa wa wannan sabon jinsi suna kanola a 1978. Daga nan noman ya bunƙasa. A 1961 abin da duniya ta noma na rafsid bai kai tan miliyan 4 ba, a 2022 ya haura tan miliyan 80.

Inda tambayarka take shi ne abin da ya biyo baya. Wajen 1995 zuwa 1996 aka shigo da kanolar da aka sauya wa ƙwayar halitta don ta jure maganin ciyawa, sannan iri mai aure ya mamaye kasuwa. Yau sama da kashi 90 cikin 100 na kanolar Kanada irin wannan ce. Iri mai aure, ka san shi a masara: shekarar farko ya cika rumbu, in ka maimaita 'ya'yansa sai gona ta fito wani dogo wani gajere. Ga kuma doka. Wani manomi a yankin Saskatchewan, Percy Schmeiser, shari'arsa da kamfanin iri na Monsanto ta kai kotun ƙolin Kanada, a 2004 aka yanke cewa ya keta haƙƙin kamfanin saboda ya shuka irin kanolar kamfanin da ya ajiye, ko da yake ba a ci shi diyya ba.

Abin da ke ba ni tausayi shi ne ƙanƙantar irin da ake magana a kai. Kilo 4 zuwa 5 ya ishi hekta guda, bai wuce tiya biyu ba. Abin da manomi zai ɗiba daga amfanin gonarsa bai ji a jikinsa ba, shi ne ya koma ɗaya daga cikin manyan kuɗaɗen da yake kashewa.

Indiya ta fi kama da mu. A Rajasthan, jihar da ta fi noman khardal, ana shukawa a Oktoba zuwa Nuwamba a girbe Fabrairu zuwa Maris, kuma har gobe akwai irin da ba na aure ba wanda manomi ke ajiyewa. Can ma a 2022 hukuma ta amince da wani khardal da aka sauya wa halitta, DMH-11, rigimar ta kai kotun ƙoli. Ni dai shawarata ka zauna kan khardal ɗinka. Ya fi kanola jure zafi da ƙishi. Kanolar Turai ta hunturu ma sai ta sha makonni cikin sanyi mai kusan daskarar da ruwa kafin ta yi fure, mu ko ina muka ga wannan?

Dattijon Bakolori

Yaro, makara ka yi, ba laifin iri ba ne. Na yi shekaru ina alkama a Talata Mafara, duk wanda ya bari Disamba ta yi nisa bai shuka ba, zafi ne zai girbe masa. Ka shuka farkon Nuwamba, furen ya faɗo tsakiyar hunturu. Ka gauraya da yashi kamar riɗi don kada ya cunkushe, kada ka binne shi da zurfi. Kafin nan ka ƙirga ƙwaya 100 ka nannaɗe a jiƙaƙƙen tsumma, bayan kwana 6 ka buɗe ka ga nawa suka tsiro. Ta shagon magani ba don shuka aka kawo ta ba, wata ta shekara biyu a kanta.

Mai Ƙuli, Argungu

Malam, ni ta wajen mai zan yi magana. Na taɓa ɗanɗana man khardal, yaji gare shi har cikin hanci, matan gida ba za su bar man gyaɗa su zuba shi a miya ba. Kafin ka ba shi fili ka zagaya masu shagon magani da masu kayan ƙamshi a kasuwar Jega, ka ji tiya nawa za su ɗauka, kuma a nawa.

Manomin Jega

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, na ƙirga 100 ɗin daga wanda na casa da hannuna, suna cikin tsumma a gindin randa tun jiya. Hajiya, mai shagon da na fara saye wurinsa ya ce in kawo ya gani. Matsalata ɗaya: farkon Nuwamba shinkafar damina ba ta bar fadamar ba tukuna. Ina da wani ɗan tudu kusa da rijiyar burtsatse, ƙasar jigawa ce mai yashi-yashi. Malam, khardal zai yi a irin wannan ƙasa in ana ba shi ruwa duk mako?