Burjin Alƙahira ne alamar garin, ko hasumiyoyin masallatai?

Auta: Salamu alaikum. Jiya da magariba na hau Burj, wato doguwar hasumiyar nan ta Alƙahira (Cairo Tower). Wallahi wanda bai hau ba bai ga Alƙahira ba. Ni dai na yanke hukunci, shi ne alamar garin nan.

Bakatsine: Wata uku da zuwanka har ka fara ba da fatawa? Garin da ake wa kirari da mai hasumiya dubu, ka ɗauko tulin siminti na 1961 ka ce shi ne alamarsa?

Auta: Yaya, mita 187 fa. Daga can sama ga kogin Nilu, ga unguwar Zamalek a ƙasanka, in ba hazo har dalar Giza kana hangowa. Ya ma fi babbar dalar tsawo.

Ɗan Maraɗi: In don tsawo ne, shekara goma kawai ya yi yana riƙe da kambun Afirka. A 1971 hasumiyar Hillbrow ta Johannesburg ta doke shi. Yau kuma ga dogon benen sabon babban birnin da suke ginawa a hamada ya ninka shi.

Bakatsine: Yauwa. Azhar da muke karatu a cikinta ta haura shekara dubu. Masallacin Ibn Tulun, mai hasumiyar nan da matakalarta ke waje, ma ya girme ta. Mu a Katsina eriyar waya nawa ce ta fi Gobarau tsawo? Ka taɓa jin an yi wa garin alama da eriya?

Yaya Babba: Ku dakata. Auta ya yi gaskiya, sai dai bai san dalilin gaskiyarsa ba. Hasumiya irin ta masallaci akwai a Dimashƙ, akwai a Istanbul. Burj kuwa labarinsa na Alƙahira ne ita kaɗai. Bayan juyin mulkin 1952 hukumar leƙen asirin Amurka ta aiko da kuɗi a akwati don ta saye sababbin shugabannin. Jami'inta Miles Copeland da kansa ya ba da labari, ya ce dala miliyan uku ce, da aka ƙirga ma dala goma ta yi ɓatan dabo. Jamal Abdul Nasir, jagoran juyin mulkin, bai mayar ba, bai sa aljihu ba. Ya sa a gina wannan Burj ɗin na sadarwa da su a tsibirin Jazira, inda duk wanda ke ofishin jakadancin Amurka a ƙetaren kogi zai riƙa ganinsa safe da yamma. Masanin gine-gine Naoum Shebib ya zana shi, saƙar jikinsa kamar furen bado na zamanin Fir'auna.

Ɗan Maraɗi: Yaya Babba, da girmanka, amma wannan labarin bakin ɗan leƙen asiri ne da na mutanen Nasir. Kowa da tasa manufa. Wata ruwayar ma cewa ta yi Muhammad Najib, shugaban ƙasar Masar na farko bayan juyin mulkin, aka nufa da kuɗin.

Yaya Babba: Ko wa aka nufa, ai ɓangarorin biyu sun haɗu a kan inda kuɗin suka ƙare. Abokan gaba su yi shaida iri ɗaya, me kake nema kuma?

Bakatsine: To ashe da cin hanci aka gina alamar taku.

Yaya Babba: Hancin da aka ƙi ci dai.

Malama: Ina karanta ku tun ɗazu. Ku tambayi iyayenmu a gida. Duk wanda ya ji ɗiyarsa na Masar, Azhar zai ambata, sai dala. Babana bai taɓa jin sunan Burj ba.

Auta: Malama, dala ai a Giza take, wata muhafaza ce daban, wato jiha.

Malama: Je ka faɗa wa babana haka. Nawa ma suka caje ka? Na ji farashin baƙi daban da na Misirawa.

Auta: Kar ki tono min ciwo. Gidan abincin nan mai juyawa ma leƙawa kawai na yi na fito.

Bakatsine: Ranar Juma'a bayan salla zan kai ka Ibn Tulun ka hau, sai mu dawo kan maganar.

Auta: Na yarda, amma kuɗin mota a kanka.