Abin da masu kallon ƙwallo suka ba da shawara a kan SuperSport

Da aka tattauna a kan wace tasha ya kamata mai son ƙwallo ya kama, yawancin bakuna sun tsaya ne kan SuperSport. Tashar 'yar Afirka ta Kudu ce. Ta faro a 1988 a matsayin shirin wasanni cikin tashar talabijin ta M-Net, sai a 1995 ta tsaya da ƙafarta, shekarar da DStv, dikodar tauraron ɗan adam da ake kama ta da ita, ya fito.

Shawarar da aka fi nanatawa ita ce mutum ya duba inda yake zaune kafin ya sayi dikoda, domin yanki-yanki ake sayar da haƙƙin nuna gasa. SuperSport na nuna Firimiyar Ingila a ƙasashen kudu da Sahara, amma a Maraɗi ko Damagaram an fi dogaro da Canal+, mai sharhi da Faransanci. A Sudan kuwa beIN ta Ƙatar ce ke da kasuwa, da Larabci.

An kuma ja kunnen mutanen ƙauye game da GOtv, wata dikodar da ake kama SuperSport da ita. Yana da sauƙin kuɗi, amma da eriya yake aiki, kuma ba ko'ina siginarsa ke kaiwa ba. A ganina wannan gargaɗin ya fi kowanne amfani. Masu gidan kallo su ma an ce su yi wa dikodarsu rajistar kallo ta 'yan kasuwa, kada su yi amfani da ta gida.