Akori-kurata na ƙara idan na sha kwana

Direban Gujungu:
Salam 'yan uwa, don Allah a taimaka. Tsohuwar Hilux ce da ni mai fowil, wato mai ja da taya huɗu, da ita nake ɗaukar buhunan gero da riɗi zuwa kasuwar Gujungu ranar Lahadi, to yau sati biyu kenan duk sanda na murɗa sitiyari sosai sai in ji ƙas-ƙas-ƙas daga gaba ɓangaren hagu, amma a miƙe shiru kake ji. Wallahi abin ya dame ni, da ita nake ci da iyali.

Bakaniken Wudil:
Maigida wannan ƙas-ƙas ɗin yawanci shaf ne, wato ƙarfen da ke juya tayar. Leƙa bayan tayar ka duba robar da ta rufe mahaɗin shaf ɗin, in ta yage giris ya zube yashi ya shiga to shi kenan ya ci, hanyoyinmu na burji kuwa ba sa barin roba ta daɗe. Amma in kuka take wuuu kuma sitiyarin ya yi tauri, man sitiyari ne ya yi ƙasa ko bel ya saki.

Baba Mai Lodi:
Yaro ka sa jak ka ɗaga ta, ka kama tayar sama da ƙasa ka girgiza. In tana wasa boris ne ko boljoyin, wato mahaɗin da ke riƙe da tayar, shi boljoyin kar ka yi lodi da shi, in ya fita tayar kwanciya take a tsakiyar hanya, na gani da idona.

Direban Gujungu:
Na duba Baba, robar ce a yage kaca-kaca. Gobe insha Allah zan shiga kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa a Kano. Allah ya saka da alheri.