Don Allah a taimaka, ƙwarin leshina sun cakuɗe

Ɗalibar Ƙwari: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Kwana uku ke nan ban yi barcin kirki ba. Ina shekarar ƙarshe, aikina a kan ƙwarin dangin Tingidae ne, 'yan mitsi-mitsin nan masu fukafukai kamar leshi, da ke maƙalewa a bayan ganye suna tsotse ruwansa har samansa ya yi ɗigo-ɗigon fari. Da ma ba su na so ba, ƙudan zuma na zaɓa, malamina ya ce an ba wani, na yi kukana na haƙura. Na tara su a kwalba biyu cikin itanol, ruwan da ake adana ƙwari a ciki, na rubuta sunan bishiya da biro a jiki, ruwan ya tsiyaya ya wanke rubutun tas. Yanzu ban san wanne ne Corythucha ciliata, wanne ne Corythucha arcuata ba. Duka farare, duka ba su kai milimita 4 ba. Litinin zan miƙa. Yaya zan yi?

Malam Mai Madubi: Wa alaikumus salam ƙanwata. Da biro? Fensir ake amfani da shi, takardar kuma cikin kwalba ake jefa ta. To, sa su a madubin ƙara girma. Fara duba gefen kafaɗa da gefen fiffike: in da ƙananan ƙayoyi a jere, Corythucha ne, in babu, wataƙila Stephanitis, wani jinsin ƙwarin leshin, kika kwaso. Sai launi. Ita ciliata fara ce sol, sai ɗigon ruwan kasa a kan kumburin nan na tsakiyar kowane fiffike. Ita arcuata tana da zanen ruwan kasa a gindin fukafukan, kusa da kafaɗa. Magana ta ƙare.

Baban Ummi: Duk wannan wahala ce. Ciliata bishiyar Platanus take ci, arcuata kuma Quercus. Ki koma gindin bishiyoyin ki sake kamowa.

Ɗalibar Ƙwari: Ganye ya gama zubewa, Baban Ummi. Kuma Malam, biron nan mai kyau ne, kowa a ajinmu da shi yake rubutu, ni ce kawai tsautsayi ya faɗa wa.

Malam Mai Madubi: Zubar ganye ba hujja ba ce, manyan ciliata a ƙarƙashin ɓawon Platanus suke cin sanyi, ɓamɓaro ki gani. Amma ni ban yarda a ba ƙwaro suna don bishiyar da aka same shi ba. Ana samun arcuata a kan wasu tsirran ma, irin su Rubus da Tilia. Duka ƙwarin biyu baƙi ne daga Amurka ta Arewa, an fara ganin ciliata a Italiya a 1964, arcuata a 2000, baƙo kuwa ba ka yi masa rantsuwa.

Tsohon Ɗalibi: Ke dai ki gode wa Allah naki suna hannunki. Ni malamina ya karɓi kwalabena ya ce zai duba, wata huɗu, daga baya ya ce wai masu shara ne suka zubar. Har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Anti Mai Lambu: Ni ma sun ƙone min furen azaliya, bayan ganyen duk baƙin kashinsu. Wane magani ake fesawa?

Baban Ummi: Malam, launin da kake ta kafa hujja da shi fa, wanda bai daɗe da saɓa ba fari fat yake fitowa, babu zane ko ɗaya. A kai su gwajin DNA kawai.

Malam Mai Madubi: Kafin Litinin? Ta ware masu zane ta bar sauran. Ta kuma kwantar da su ta gefe ta kwatanta tsayin hular da ta rufe kai da tsirin tsakiyar baya.

Ɗalibar Ƙwari: Na duba yanzu. Akwai ƙayoyi. Amma a kwalba ta biyu wasu da zane, wasu babu. Na tuna ranar ƙarshe kwalba ɗaya ta rage min, na haɗa na bishiya biyu a ciki, ai ba yadda zan yi ne. Shin in faɗa wa malamina, ko in yi shiru?

Tsohon Ɗalibi: Kada ki kuskura ki ba shi kwalbar.